Gidajen Hukuma a Ingila: Ita Ta Sha Duka, Ita Kuma Za Ta Kwashe Kaya?



Duk wanda ya saba jin mahukuntan Ingila suna yi wa duniya lacca a kan haƙƙin mata, zai ɗauka cewa a can an daɗe da gamawa da matsalar namijin da yake jibgar matarsa. To, ba haka abin yake ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar da kanta ta bayyana cewa a shekarar da ta ƙare a watan Maris na 2024, mutum kusan miliyan 2.3 a Ingila da Wales sun ɗanɗani cutarwa a cikin gida, miliyan 1.6 daga cikinsu kuwa mata ne. Amma ba yawan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba, domin azzalumin miji babu ƙasar da ba ta da shi. Abin da ya sa shi ne yadda ake yi idan zaluncin ya faru a cikin gidan da hukuma ce mai shi, ita ke karɓar haya, ita ke riƙe da takarda, ma'aikatanta kuma suna shiga suna fita a cikinsa.

Ga wanda bai sani ba, a Ingila akwai gidaje kimanin miliyan 4 da ake bai wa masu ƙaramin ƙarfi haya a farashi mai sauƙi. Wasu na ƙananan hukumomi ne, wasu na ƙungiyoyin gidaje ne waɗanda ba riba suke nema ba. Kusan iyali ɗaya cikin shida a irin waɗannan gidaje yake zaune. Kowace unguwa tana da jami'in gidaje, mai kula da biyan haya da koke-koken maƙwabta, a bayansa kuma ga kafintoci, ga masu gyaran famfo, ga masu gyaran wuta da na gas. Likita sai ka je wurinsa, ɗan sanda sai an kira shi, amma waɗannan mutane har uwar ɗaka suke shiga. Su ne suke ganin abin da dangi ba sa gani. Tambayar ita ce, idan sun gani me suke yi?

Bari in kwatanta maka yadda abin ya saba gudana, ya kai mai karatu, ka yi hukunci da kanka. Maƙwabciya ta kai ƙara ofis cewa gidan da ke samanta ana ihu da buge-buge da tsakar dare, ta kasa barci. Jami'i ya buɗe fayil, ya rubuta a kai wai "damun maƙwabta da hayaniya". Ya aika da takardar gargaɗi da sunan miji da matar duka, cewa in ba su daina ba za a iya ƙwace gidan. Wa zai buɗe wasiƙar? Maigida. Wa zai biya kuɗin wannan wasiƙa a daren nan? Ita. Kuma darasin da ta koya shi ne, gobe in ana dukanta ta toshe bakinta da filo, kada 'ya'yanta su rasa wurin kwana. Subhanallah! Hukuma da hannunta ta koya wa wadda ake zalunta yin shiru.

Bayan kwana biyu ƙofar banɗaki ta karye, domin can ta gudu ta kulle kanta shi kuma ya sa ƙafa. Kafinta ya zo ya gyara, ofis ya aiko da takardar biyan kuɗin ɓarna a kan asusun haya, wanda sunanta yake kai. Kuɗin tallafin gwamnati, wanda a tsarin da ake bi yanzu asusu ɗaya ake zuba wa ma'aurata in ba an nemi a raba ba, ya shige aljihunsa, haya ta taru. Ranar da ta ga in ta ƙara kwana gawarta za a fitar, sai ta ɗauki yara da leda biyu ta nufi gidan mafaka a wani gari da ba ta san kowa ba. Yara sun bar makaranta, ita ta bar aiki, ta bar likitanta da maƙwabtan da suka san ta. Shi kuwa gogan yana nan miƙe da ƙafa a gida mai ɗaki uku, yana kallon ƙwallo. Kuma idan ta zo neman wani gida daga baya, sai a buɗe littafi a ce ai akwai bashin haya a kanta. Wannan shi ne an bar jaki ana dukan taiki.

Tun shekarar 1971, lokacin da Erin Pizzey ta buɗe gidan mafaka na mata a unguwar Chiswick ta Landan, tunanin da aka ginu a kai shi ne a samar wa mace wurin gudu. Ba na raina wannan aiki, ya ceci rayuka masu yawa, kuma har gobe akwai matar da babu abin da zai tsirar da ita sai gudun. Dokar cutarwa a cikin gida ta 2021 ma ta ƙara gyara: ta sa wadda ta rasa muhalli saboda cutarwa a sahun gaba wajen samun taimakon ƙaramar hukuma, ta ce wadda take da hayar zama ta har abada ba za a rage mata matsayi ba idan ƙaramar hukuma ta sauya mata gida saboda wannan dalili, ta amince cewa yaran da suke gani suna ji su ma waɗanda aka zalunta ne, ta kuma lissafa danne wa mutum kuɗi da abin hannunsa a cikin nau'o'in cutarwa. Madalla. Amma ka lura, duk wannan magana a kan wadda ta gudu ake yi. Fiye da shekara 50 ana tambayar mace me ya sa ba ta tafi ba. Yaushe za a tambayi namijin me ya sa shi ba zai tafi ba?

Wani zai ce ai akwai dokar korar irin wannan ɗan haya. Akwai kam, amma tsaya ka ji sharaɗinta. A 1996 aka shigar da wani dalili na ƙwace gida a cikin dokokin gidaje na 1985 da 1988, wanda ya bai wa hukumar gidaje damar kai azzalumin miji kotu. Sai dai kotu ba za ta saurari wannan dalili ba sai an tabbatar mata da abu biyu: cewa abokiyar zaman ta riga ta bar gidan saboda duka ko barazana, da kuma cewa da wuya ta dawo. Ka ji fa! Wato ba za a taɓa shi ba sai ita ta riga ta rasa gidan, kuma ta yanke ƙauna da shi. Wannan doka ba don matar aka yi ta ba, don hukuma ta karɓe gidanta mai ɗaki uku daga hannun mutum ɗaya aka yi ta. Ihu ne bayan hari. Kuma ma'aurata da masu zaman tare kaɗai ta shafa, saboda haka ƙaton saurayin da yake dukan tsohuwar da ta haife shi bai shiga ciki ba.

Sai kuma maganar hayar haɗin gwiwa, inda sunan mutum biyu yake kan takarda ɗaya. A 1991 kotun ƙolin ƙasar ta wancan zamani ta yanke hukunci a wata shari'a tsakanin ƙaramar hukumar Hammersmith da Fulham da wani ɗan haya mai suna Monk, cewa ɗaya daga cikin masu hayar haɗin gwiwa yana iya bayar da notis ya kashe hayar baki ɗaya, ko da ɗayan bai yarda ba, ko ma bai sani ba. Ka ga an miƙa wa azzalumi wuƙa. Ko ya bar gidan, yana iya zama daga nesa ya ce da ita, ki janye ƙarar da kika kai ko in rubuta layi biyu ku kwana a titi ke da 'ya'yanki. Ita kuwa ba ta da ikon cire sunansa, hukumar gidaje ma ba ta da shi, sai dai a bi ta kotun iyali a ƙarƙashin dokar 1996, hanya mai tsawo mai cin kuɗi ga wadda ko kuɗin mota sai ta roƙa. Ko kwaɗon ƙofa ba za a canja a hana shi shiga ba muddin sunansa na kan takarda, sai da umarnin kotu. Gwamnati ta nemi jin ra'ayin jama'a a kan wannan matsala a 2022. Jin ra'ayi! Kamar akwai wanda bai san inda ɗakin yake yoyo ba.

Kada wani ya ce gyaran ba ya yiwuwa, domin maƙwabtansu sun nuna hanya. A Wales, dokar haya da ta fara aiki a watan Disamba na 2022 ta ba da damar a cire mutum ɗaya daga takardar haɗin gwiwa ba tare da an rushe hayar ɗayan ba. Majalisar Sikotland ta zartar da doka a 2021 wadda ta bai wa hukumomin gidaje damar zuwa kotu su yanke haƙƙin azzalumi a kan gida su bar wa wadda aka zalunta, ko da yake su ma sun yi shekaru suna jan ƙafa wajen fara aiki da ita.

To amma ba zan bar ma'aikatan gidaje su fake a bayan gurguwar doka ba. Mafi yawan ɓarnar da na lissafa a sama ba doka ce ta tilasta ta ba, sakaci ne da tsoro da son a rufe fayil da wuri. Babu dokar da ta ce jami'i ya rubuta "hayaniya" alhali ihun mutum ɗaya ake ji kullum. Babu dokar da ta ce a ɗora wa mace kuɗin ƙofar da aka karya don a kai gare ta.

Aikin daga ido yake farawa. Wata ƙungiyar gidaje mai suna Gentoo a garin Sunderland ta haɗa kai da ƙungiyar SafeLives suka binciki littattafan gyare-gyarenta, rahoton ya fito a 2018, suka gano cewa kimanin kashi 13 cikin 100 na ayyukan gyara, da kashi 21 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kansu, suna iya kasancewa da alaƙa da cutarwa a cikin gida. Ashe shaidar tana nan a rubuce a ofis shekara da shekaru, babu mai karantawa. Ramin naushi a bango, ƙofar ɗaki da aka ɓalle daga waje, kwaɗon da aka canja sau uku a shekara ɗaya, tagar da ta fashe ranar Asabar da dare, sakata a bayan ƙofar ɗakin kwana ta waje. Kafinta ba alƙali ba ne, ba kuma a ce ya tsaya yi wa maigida tambayoyi ba. Abin da ake so a wurinsa shi ne ya san cewa abin da ya gani ba ƙaramin abu ba ne, ya san lambar da zai kira a ofis idan ya fita, a can kuma a samu wanda aka horar zai bi sawu. Ruwa ba ya tsami banza.

Daga nan sai a nemi matar, ita kaɗai, ta hanyar da ba za ta jawo mata masifa ba. Ba wasiƙa ba, ba saƙon waya da zai iya karantawa ba. In ba ta jin Turanci a nemo tafinta na waje, kada a sa mijin, kada a sa ɗanta, kada a sa ƙanwar miji. A tambaye ta abin da take so. Wannan wuri ina so a fahimce ni, domin ni da nake cewa azzalumi ne ya kamata ya fita, ban ce a yanke wa matar hukunci a bayan idonta ba. Wata za ta ce a fitar da shi in zauna. Wata za ta ce danginsa sun cika layin nan, ku mayar da ni wani gari. Wata ba ta shirya komai ba tukuna, kuma tana da dalili, domin masu nazarin kisan mata sun daɗe da tabbatar da cewa lokacin rabuwa da watannin da suke biye da shi su ne mafi haɗari. Ita ta san shi. Jami'in da ya ruga ya ɗauki mataki don ya nuna shi jarumi ne, yana iya zama sanadin ajalinta.

Sai babban ramin da masu kyakkyawar niyya suke faɗawa, wato sulhu. Ofisoshin gidaje sun saba da sasanta maƙwabta a kan kare mai haushi ko rediyo mai ƙara, sai su ɗauki wannan awo su auna duka da shi, a zaunar da miji da mata a tebur ɗaya kowa ya faɗi laifin ɗan uwansa. Sulhu tsakanin mutum biyu masu ƙarfi ɗaya ake yin sa. Wadda ta san za ta koma gida da mutumin nan su kulle ƙofa, me za ta faɗa a gabansa? An haɗa kura da akuya a ɗaki ɗaya an ce su tattauna. Duk kalmar da ta furta a wannan tebur, da jikinta za ta biya.

Yanzu ga shi kansa mutumin. Ma'aikata da yawa tsoronsa suke ji, wasu kuwa ya riga ya saye su da fara'a, domin irin waɗannan mutane sukan iya bakinsu a waje. Shi ne mai gaisuwa, shi ne mai kawo wa ofis bayani a natse, ita kuwa ga ta a firgice, maganarta ba ta haɗuwa, sai a ce ita ce matsalar. Wani ma yakan riga ta zuwa ya ce shi ake zalunta. Gaskiya ne akwai mazan da ake zalunta, alƙaluman da na kawo a farko sun nuna sun haura dubu 700, kuma haƙƙinsu ɗaya ne da na mata. Saboda haka ba da kallon fuska ake rarrabewa ba. A duba wa yake tsoron wa, wa yake riƙe da kuɗi da waya da makulli, wa ya canja rayuwarsa don gudun fushin wani. Tun 2015 dokar ƙasar ta mayar da mallake abokin zama ta hanyar takura da tsoratarwa laifi mai ɗaurin da ya kai shekara 5, ko da bai taɓa ɗaga hannu ba.

Idan jami'i zai yi magana da shi, ƙa'ida ta farko ita ce kada ya bari ko da wasa a gane cewa matar ce ta yi magana. Ya tsaya a kan abin da ofis ya gani da idonsa: ƙofa ta karye sau biyu, maƙwabta sun ji, 'yan sanda sun zo ranar kaza. Ya gaya masa a fili cewa wannan saɓa yarjejeniyar haya ne kuma gidan yana iya kuɓuce masa. Kada ya karɓi uzurin giya, ko na rashin aiki, ko na "ita ta tsokane ni". Mutumin da ya sha giyar bai doki shugabansa a wurin aiki ba, bai doki ɗan sanda ba, ya jira sai da ya iso gida. Ashe ya san wanda yake zaɓa. Kuma a buɗe masa ƙofar gyara, a ba shi lambar ƙungiyar Respect wadda take da layin waya na musamman don masu cutar da iyalinsu, in yana da matsalar ƙwaya ko taɓin hankali a haɗa shi da masu magani, ba don a wanke shi ba. Kuɗin ɓarna a rubuta da sunansa. Fayil ɗinsa a yi masa alama, kada a tura ma'aikaciya ita kaɗai gidan. In an sauya wa matar gida, adireshinta ya zama sirri ko a cikin ofis, domin sakarcin magatakarda ɗaya ya isa ya rushe aikin shekara.

Makamai ma suna nan ga wanda yake son amfani da su. Dokar 2014 ta hana fitinar jama'a ta bai wa hukumar gidaje damar zuwa kotu da kanta ta nemi umarnin hana mutum shiga gidan da yake zaune, in akwai duka ko barazanarsa ko babban haɗarin cutarwa, a kuma haɗa da ikon kama shi in ya karya. Amfanin wannan shi ne hukuma ce mai ƙara, ba matar ba, nauyin ya sauka daga kanta. Dokar nan kuma ta ba da damar ƙwace gida kai tsaye in kotu ta riga ta same shi da babban laifi. Hukuncin Monk ɗin nan ma ana iya juya shi: matar ta bayar da notis ta kashe hayar haɗin gwiwa, bayan hukuma ta ba ta alkawari a rubuce cewa za ta sake ba ta gidan da sunanta ita kaɗai. Na ce a rubuce, kuma bayan ta ga lauya, kada a yaudare ta ta saki reshe ta kama ganye. Idan ya fita sai a ƙarfafa gidan da ƙofa mai ƙwari da makullai da ƙararrawa. Akwai kuma zaman da ake yi na hukumomi a kan matan da rayuwarsu take cikin babban haɗari, wanda aka fara a Cardiff a 2003, inda 'yan sanda da asibiti da masu kula da yara suke haɗa abin da kowa ya sani. Kujerar jami'in gidaje a wannan zama bai kamata ta zauna babu kowa ba.

Yanzu bari in juyo kan wasu da za su ce sun yarda da ni, alhali ban yarda da su ba. Su ne masu cewa a watsar masa da kaya a titi kawai a huta. Maganar tana da daɗin ji, amma ina zai je? Namiji shi kaɗai mai lafiya ba ya cikin waɗanda doka ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta ba su masauki, kuma ana iya cewa shi ya jawo wa kansa rashin gida. Saboda haka ƙofa uku ce a gabansa. Ko ya koma wurin matar yana kuka cikin sanyin hunturu, yara suna roƙonta ta buɗe wa babansu, ta buɗe. Ko ya tare a ɗakin tsohuwarsa ya mayar da fushin kanta. Ko ya samu wata baiwar Allah mai gida wadda ba ta san tarihinsa ba. A duk ukun, 'yan sanda ba su san inda yake kwana ba, masu sa ido sun rasa shi, ga shi kuma yanzu ba shi da abin da zai yi asara. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Hukumar gidaje ta rufe fayil ɗinta, ta tura matsalar layi na gaba.

Abin da hankali yake nunawa shi ne a fitar da shi daga gidan, a ajiye shi a inda aka san yana nan, ɗaki ɗaya nesa da ita, da sharaɗi da sa ido. An gwada, ba mafarki ba ne. Shirin Drive da aka fara a 2016 a Essex da Sussex ta Yamma da kudancin Wales yana ɗora wa kowane mugun mai cutarwa ma'aikaci guda da zai bi shi sau da ƙafa, ya taimake shi ta fuskar muhalli da magani in ya miƙa wuya, ya toshe masa hanya tare da 'yan sanda in ya ƙi. Jami'ar Bristol ta auna sakamakon, ta samu cewa duka ya ragu da kashi 82 cikin 100 a wurin waɗanda suka bi shirin. A Landan kuma an gwada wani shiri mai suna Restart daga 2021, wanda yake samar wa mai cutarwa masauki na dabam domin uwa da yara su zauna a gidansu.

Na san abin da za a ce: iyalai sama da miliyan 1.3 suna kan layin jiran gida a Ingila a 2024, sai a ɗauki ɗaki a bai wa mai dukan mata? Ai wannan lada ne. To, mu yi lissafi. A tsarin da aka saba, shi yana riƙe da gida mai ɗaki uku, hukuma tana biyan masaukin wucin gadi na uwa da yara wata da watanni, daga baya ta nemo musu wani gida mai ɗaki uku. A ɗaya tsarin, ɗaki ɗaya aka nema. Wanne ne ladan? Wanda aka bar wa gidan duka, ko wanda aka mayar ɗaki guda ana ƙirga masa motsi? Mu da muka san cewa taimakon da ake yi wa azzalumi shi ne a riƙe hannunsa daga zalunci, wannan bai kamata ya zama baƙon tunani a wurinmu ba.

Akwai wata cuta kuma da ta shafe mu kai tsaye, domin a waɗannan gidaje akwai Musulmi da yawa, da 'yan Afirka, har da 'yan ƙasarmu. Wani jami'in idan ya ga sunan Musulmi a kan fayil sai ya janye hannu, wai al'adarsu ce, wai kada a ce yana da wariya, a bar manyansu su sasanta. Yana ganin ladabi ya yi, alhali ya yanke hukuncin cewa ƙashin 'yar Musulmi bai kai na Baturiya daraja ba. Wace wariya ta fi wannan? Kuma wa ya gaya masa addininmu ne? Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙi ta hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta muddin tana cikin idda, har ta jingina gidan gare ta. Wadda aka saka ke nan, ina ga wadda aka fasa wa baki? Malaman mazhabar Malikiyya kuwa, kamar yadda yake a Muhtasar na Halil, sun yi bayanin cewa idan mace ta yi ta kai ƙarar cutarwa ba ta da shaida, alƙali ya zaunar da su a tsakiyar mutanen kirki waɗanda za su gani su ba da shaida, in cutarwa ta tabbata kuma tana da haƙƙin a raba auren. Ka ga tun ƙarnoni da suka wuce malamanmu sun gane cewa wurin zama da idon maƙwabci makami ne na hana zalunci. Saboda haka ɗan uwan da jami'in gidaje ya ƙwanƙwasa wa ƙofa a Landan ko Bradford, kada ya ɗaga mana tutar addini. Dattawan masallacin da suke cewa ta yi haƙuri kada ta tona asirin al'umma a gaban Turawa, su ma su ji tsoron Allah. Wanda ya ɗaga hannu shi ya tona asirin.

Mu ma nan gida kada mu yi dariya. Ba mu da jami'an gidaje irin nasu, amma muna da masu gidajen haya da wakilansu da masu unguwa, kuma a gidan haya mai ɗaki goma babu wanda ba ya jin abin da ake yi a ɗaki na uku. Wadda aka daka ita ke yin yaji, kuma in mai gida ya gaji da rigima su duka yake bai wa notis. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta mayar da korar abokin aure daga gida da ƙarfi laifi mai ɗaurin da ya kai shekara 2, amma nawa ne cikin masu gidajen haya suka taɓa jin labarinta?

Mu koma Ingila. A 2014 aka kafa wata haɗakar ƙungiyoyi mai suna DAHA domin horar da hukumomin gidaje da tantance su a kan wannan aiki. A 2018 cibiyar ƙwararrun ma'aikatan gidaje ta ƙasar ta fito da wani alkawari, ɗaruruwan hukumomi suka sa hannu, aka ɗauki hotuna. Daga watan Afrilu na 2024 kuma hukumar da take sa ido a kansu ta wajabta wa kowace ta mallaki rubutacciyar manufa a kan cutarwa a cikin gida. Takardu dai sun cika kabad. Ni abin da nake so masu binciken su riƙa tambaya idan sun shiga ofis ba shi ne "ina manufarku" ba. Su ce a kawo fayilolin shekarar da ta wuce, a ƙirga a gabansu: a gida nawa matar ce ta fita, a gida nawa shi ne ya fita, kuma waɗanda suka fita ɗin, ofis ya san inda kowannensu yake kwana a daren yau?